Jardan ɗin Mushe

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Ya Falmata daga Diffa.

Ɗiyata Yagana tana aji biyu a lakwal, wato makarantar boko. Kwanakin nan tana dawowa gida hannuwanta jajir, ko ido ta taɓa sai kuka. Na tambaye ta, ta ce mushe, malaminsu, yana kai su jardan. Ni ban yi lakwal ba, na ɗauka jardan wani darasi ne, har ina sa mata albarka. Sai maƙwabciyata ta ce ai garka ke nan, wato lambu, da Faransanci.

Na je lakwal ɗin da ƙafata. Babu garka, rairayi ne da bishiyar maina. Na tambayi mushe, ya yi dariya, wai koyon aiki ne. Amma kowa ya san wansa yana da gonar tattasai a bakin kogin Komadugu, inda mu manya ma ba ma zuwa da kwanciyar hankali saboda rashin tsaro. Kuma har yau Yagana ba ta iya rubuta sunanta ba.

Iyaye 'yan'uwana, ku ba ni shawara, in je wajen darakta, shugaban lakwal ɗin, ko in ƙara sa ido? In dai tsinkar tattasai ce karatun, ni ma ina da gona, kuma na fi mushe iyawa.