Baƙin Kyaftin

Shugaban taro, malamanmu, dattawan bakin kogi, Inna matar marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, jama'a, assalamu alaikum.

Ya kasance mai jirgin fito, mu kuwa Kyaftin muke ce masa. Ya kasance mutum mai tsokana, in ka makara jirgi ya tashi, sai ya ɗago maka hannu ya ce, "Biyo mu da iyo!" Ya kasance haka har safiyar da jirginsa ya kife a tsakiyar kogi, cike da 'yan kasuwa.

Ba mu manta ba. Gawawwaki na jere a kan yashi, jama'a suka damƙe bakaniken jirgin, wai shi ya yi wa injin gyaran ganin ido. Har an fara ɗibar duwatsu za a jefe shi. Sai ga Kyaftin ya fito daga ruwa yana tangaɗi, ya ce, "Ku sake shi. Ya ce mini kada in tashi, na tashi. Ni ne." Haka ya faɗa wa 'yan sanda, haka ya faɗa wa alƙali. Ya yi zaman gidan yari bai sauya ko kalma ɗaya ba.

Abin da ya biyo bayan fitowarsa, Inna shaida ce. Kullum da hantsi sai ya shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ya zauna yana gaisawa da mutanen da ba ma gani, kowa da sunansa. Ni ma na taɓa shiga. Rana ƙwal, ba ko girgije, amma tabarmin nan a jiƙe suke sharkaf, gidan sai ƙarnin kogi. Wallahi har yau abin yana ba ni tsoro.

Yanzu gare ka, babban ɗansa. Mun ji kana shirin komawa kotu ka wanke sunan mahaifinka, a mayar da laifin kan bakanike. Ga bakaniken can a sahun baya, ya tsufa. Ɗana, ka taɓa kawo wa Babanka wannan magana a gabana. Ka tuna amsarsa? Ya rage murya ya ce, "Yi a hankali, baƙina suna ji. In ka ce ba ni ba ne, gidan wa za su koma?"

Mun gode muku da kuka zo. Allah ya jiƙan Kyaftin, ya jiƙan waɗanda kogi ya ci. Allah ya sa ya tafi da baƙinsa duka, kada ɗaya ya rage yana neman wata ƙofa. Amin.