Jan Biron Malam Zubairu

Mai girma Babban Sakataren Ilimi, shugaban makaranta, malamai, matar marigayi Hajiya Sauda da 'ya'yanta, maƙwabta na Nassarawa da waɗanda suka taso daga Gama da Gawuna: assalamu alaikum.

Kafin komai, ina da muhimmiyar sanarwa. Jan biron marigayi Malam Zubairu, wanda ya ɓata bara har aka zargi malamai bakwai, an same shi. Yana aljihuna. Ni na ara, na manta.

Malam Zubairu ya kasance malamin Turanci da ba ya son surutu, shi ya sa muka yi shekara ashirin muna abota: in yi magana, ya taƙaita. Ya kasance in ya raba wa 'ya'yanmu shafi su karanta, sai ya ce, "Ban ce ku kwaso mini kasuwa ba. Tambaya ɗaya na aike ku. Ku ja layi a ƙarƙashin abin da ya amsa ta, ku jera shi ɗaya, biyu, uku, da bakinku." In ɗalibi ya kawo jimla mai ado, sai ya ce, "Ta yi kyau. Wa ya aike ka?" Ya soke ta.

Ni kuwa na karanta littattafai, kuma ina so a san na karanta. Na ce masa, "Malam, ƙashi kake ba yara." Ya ce, "Aƙilu, shi ke tsayar da mutum."

Da na zama sufeton makarantu, arzikin man fetur ya zo, kwalayen sababbin littattafai suna ta sauka. Sai na rubuta rahoto mai shafi goma sha huɗu cewa a soke wannan darasi nasa. Ya karanta, ya taƙaita shi a kalma uku: "Aƙilu yana kishi." Rahoton yana teburin Babban Sakatare, yana jiran sa hannu.

Sai ciwo ya kwantar da shi. Likita ya miƙa wa Hajiya takardar bayanin ciwon da Turanci, shafi huɗu. Na karanta sau biyu, na yaba salon, na kasa gaya mata komai. Ma'u, tsohuwar ɗalibarsa da ke jinyarsa a asibitin, ta karɓa ta ce, "Hajiya, me kike so ki sani?"

"In kira 'yarmu Hafsatu daga Zariya, ko in bar ta ta gama karatunta?"

Ma'u ta ja layi uku, ta karanta mana su da Hausa, ta ce, "A kira ta yau."

Malam ya buɗe ido ya ce, "Tara cikin goma. Na ukun ya yi tsawo."

Hafsatu, kwana takwas kika samu da mahaifinki, kuna hira kuna dariya. Hajiya, kin san daga ajin da kwanakin nan suka fito. Mu ma yanzu mun sani.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya taƙaita masa hisabi.

Ranka ya daɗe Babban Sakatare, ga biron. A soke rahoton nan. Ni na yi kuskure.