Atishawar da Kafinta Bai Taɓa Yi Ba

A ɗakin jiran likitan ƙwaƙwalwa, wani kafinta na rungume da hoton ƙwaƙwalwarsa da aka ɗauka, matar da ke gefensa kuwa sai atishawa take zubawa.

"Yi haƙuri, Baba, ba mura ba ce. Jikina ne ba ya shiri da ƙura da turare."

"Ni tun ina saurayi nake shaƙar garin katako, ko atishawa ban taɓa yi ba. Abokan aikina na atishawa, ina ce musu ragwaye."

"Ka ji daɗinka! Ni ciwon kai ya kawo ni, hoto ya nuna ba komai, magani kawai nake jira. Likita har da tsokana, wai an lura masu irin jikina ba su cika samun ƙari a ƙwaƙwalwa ba, ko da yake ba tabbas. Kai fa?"

Kafinta ya ƙara ƙanƙame hoton. "Ni nawa ya nuna ƙarin."

Ta buɗe baki za ta jajanta masa, atishawa ta riga ta. Ta ja tsaki. "Wannan masifa!"

"Masifa?" Ya galla mata harara. "Ki ce alhamdulillahi, 'yar nan. In kin gaji da ita, miƙo mini."