Ƙarfen da Ya Faɗa Cikin Kwanon Baiko

Ina gaishe ku duka, iyaye da 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu mai cetonmu. Ku ce Amin da ƙarfi, don yau da abin kunyata na zo gabanku.

Ga baƙin da ke cikinmu, sunana Ishaku, ni ne mai gyaran keke a bayan tasha. Tun da man fetur ya yi tsada mutane suka fara jingine babura, sai na koyi sa wa keke inji da batir. Injin yana zama a tsakiyar tayar gaba, ka murɗa totur ya ja ka ba tare da ka taka feda ba. Aiki ya buɗe mini, har daga Ƙonni ake turo mini kekuna. Kai kuwa ya kumbura.

Bari in faɗa muku yadda abin yake. Duk lokacin da injin ya ja taya gaba, sandar da ke tsakiyarsa tana ƙoƙarin juyawa baya. Shi ya sa kowane inji yake zuwa da wani ɗan ƙarfe mai kamar cokali, wanda ake zura wa sandar a ɗaure shi a jikin fok, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba. In babu shi, sandar za ta riƙa motsi tana kwance noti a hankali, har wata rana taya ta fice mutum yana cikin gudu.

Na san wannan sarai. Amma ɗaura ƙarfen nan yana cin lokaci, sai an goge, an gwada, an sake gogewa. Ni kuwa ga mutane a layi. Sai in ɗaure noti da ƙarfin tsiya, in jefa ƙarfen cikin wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin bencina, in ce, “An gama!” Ƙarya ta zama mini kamar gaisuwa. Matata Rifkatu ta sha yi mini magana, ni kuwa in ce mata ta tsaya a kan tukunyarta. Ga ta can tana murmushi. Yi abinki, Maman yara, yau ranarki ce.

Wata Asabar Malam Sahabi ya kawo kekensa in sa masa inji. Dattijo ne mai koyarwa a wata makarantar Islamiyya a Lafani, gwiwa ta fara ba shi wahala. Ya zauna yana kallona har na gama. Sai idonsa ya faɗa kan ƙarfen a kan tabarma.

Ya ce, “Ishaku, wanga ƙarhe hwa? Na mi na?”

Na ce, “Ƙari ne kawai, Malam. Masu inji suna sakawa ko da wani ya ɓata.”

Ya ce, “To, madalla. Ni dai an ce mani kai ba ka ƙarya, shi yas sa niz zaka wurinka.”

'Yan'uwa, ko gezau ban yi ba! Na naɗe ƙarfen cikin kuɗin da ya ba ni don kada ya sake ganinsa, na tura aljihu. Ya ce gobe da hantsi, in batir ya cika, zai hau zuwa makaranta, don ku san su Alhamis da Juma'a suke hutu, Lahadi ranar karatu ce.

Washegari na zo sujada fes da ni, na ɗauko kuɗin nan a naɗe yadda suke. Zumuntar mata suna waƙa, muna rawa zuwa gaba. Na zaro takarda ɗaya zan sa a kwanon baiko, sai ƙarfen ya sulluɓe ya faɗa ciki. Ƙwal! Wasunku sun ji, har Baba Dattijo da ke riƙe da kwanon ya leƙa ya ce, “Ishaku, yau kuma ƙarfe ka kawo wa Ubangiji?” Aka yi dariya.

Ni ban yi dariya ba. Na ɗauke shi na koma benci. Na sunkuyar da kai, ba abin da nake gani sai dattijon nan a kan hanyar Lafani, ranar kasuwa, manyan motoci da shanu ko'ina. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce, “Ya Yesu, ni maƙaryaci ne. Na sa ran bawan Allah a kan noti biyu. Ka riƙe mini tayar nan har in isa, ni kuma zan faɗi gaskiya ko da za a kore ni daga garin nan.”

Na fita ana tsakiyar waƙa. Na kira wayar Malam, ba ta shiga, layin Nijar ya kama tawa kamar yadda ya saba yi mana a nan bakin iyaka. Na biya shago na ɗauki jakar sifanu, na tare ɗan kabu-kabu. Duk inda na hango taron mutane a bakin hanya sai gabana ya faɗi. Ina bayan babur ina kuka, babban mutum da ni, ɗan kabu-kabun yana tambaya, “Lahiya dai? Rasuwa anka yi?”

Mun yi nisa sai na hango farar riga a gindin wata bishiyar bedi. Malam ne a tsaye, riƙe da kekensa, garken shanu ya tare hanya yana jira su wuce. Haleluya! Shanun nan Allah ne ya aiko su, ba wanda zai gaya mini wani abu daban.

Na dira na durƙusa gaban tayar. Na taɓa notin dama da yatsu biyu kawai, sai ya kwance ya faɗo a tafina. Sandar ta riga ta juya, wayar injin ta murɗe. Gaba kaɗan kuma ga gangara da kwalbati.

Malam ya ce, “Ishaku, mi yaf faru? Ba yau ta ranar sujadarku ba?”

Na nuna masa ƙarfen. Na ce, “Malam, ƙarya na yi maka jiya. Wannan ba ƙari ba ne, shi ke riƙe tayar. Ganda ce ta hana ni sa shi. Ka yafe mini.”

Ya dubi notin, ya dubi gangarar, ya yi salati. Da ya mare ni ma da ya fi mini sauƙi. Can sai ya ce, “Ɗaura shi in gani.”

Nan a kan yashi na yi aikin da ya kamata in yi jiya. Na goge bakin fok har sandar ta zauna daram, na zura ƙarfen na ɗaure shi, na juya wayar ta kalli ƙasa don kada ruwa ya shiga, na ɗaure noti biyu. Na hau na gwada da kaina, na sake duba su.

Malam ya karɓi kekensa. Ya ce, “Ni na yahe maka. Amma hwaɗa mani gaskiya, ni ɗai na kay yi ma haka?”

Na tuna gwangwanin nan. Na ce, “A'a, Malam.”

Ya ce, “To, su ma ɗiyan mutane na. Tahi ka biɗo su.”

Mako uku na yi ina bin gida-gida, daga Garu har tsallaken iyaka. Wani ya zage ni tas, kuma ya yi daidai. Wani ya ce ba zai sake kawo mini ko faci ba. Amma ba wanda ya faɗi, ba wanda ya karye, ko mutum ɗaya! Wannan ba wayona ba ne, jinƙan Ubangiji ne.

Ga gwangwanin na zo da shi. Baba Dattijo, don Allah leƙa ka gaya wa jama'a abin da ke ciki. Ba komai! Jiya da yamma na ɗaura na ƙarshe.

Na gode wa Yesu da ya tona asirina a cikin gidansa kafin a tona shi a bakin kabarin wani. Ya raba ni da ƙarya, ya bar mini sana'ata, har Malam Sahabi ya sake turo mini ƙaninsa da keke. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana da naka gwangwanin a ƙarƙashin benci, kada ka jira ya yi ƙara a gaban mutane. Kai shi gaban Ubangiji yau, ka dogara gare shi, zai riƙe ka yadda ya riƙe tayar nan. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.