Wa Zai Shayar da Marayun Mai Walda?

Shugaban kasuwa, dattawan unguwa, malamanmu, Inna uwargidan marigayi, 'ya'ya da jikoki, da 'yan'uwana masu kasa kaya, sannunmu da haƙuri.

Ni mai sayar da takalma ne, na saba yabon kaya fiye da yadda suke. Yau aka ce in yabi Baba Mai Walda, sai ga bakin ya gaza. Amma in faɗa tun yanzu, ba yabo kaɗai ya kawo ni ba. Baba ya bar marayu a layin sabuwar tasha, itatuwan da aka dasa da daminar nan. Ga rani a bakin ƙofa, su kuwa ba su taɓa ganinsa ba.

Ya kasance mutumin washegari. Ranar dashe kowa na nan, da sabuwar riga da mai ɗaukar hoto. Washegari daga shi sai bokiti sai awaki.

Ya kasance in ya dasa itace a gaban shagonka, to ya ba ka riƙo. Daga ranar babu sauran "ina kwana", sai "Yaya ɗan naka?", kuma a gaban masu ciniki. Maƙwabcina mai gyaran agogo ya ɗaure nasa tamau da waya, wai don ya miƙe. Baba ya zo ya datse wayar, ya ɗaura tsumma sako-sako, ya ce, "Kai, reno na ba ka ko kamu? Bar iska ta kaɗa shi, da haka ƙafa ke yin ƙwari." Haka ya rene ku, 'ya'yansa, kuma ga ku nan tsaye.

Inna, kin tuna mangwaron tsakar gidan nan? Ya yi furen farko, har kin fara rabon 'ya'yan da baki, Baba ya tsinke furen tas. Ya ce, "Yaron da bai tsaya ba ake ɗora wa kaya?" Kika tattara furen a faranti, kika rufe, kika aika masa shago, kika ce ga abincin rana. Yi dariyarki, Inna, ba laifi. Yau a inuwarsa muke zaune.

Kejin ƙarfen da zai kare marayun nan daga awaki ya gama ƙera na kowannensu kafin ya kwanta, suna jingine a shagonsa. Abin da ya rage ruwa ne, bokiti cike a gindi, a hankali, ba yayyafin ganin ido ba. Babban ɗansa ya ɗauki nauyin shayar da itacen farko. Shugaba, ranka ya daɗe, na ga kana neman takalminka. Itacen da ke kusa da inda kake ajiye mota naka ne, kowa shaida. Sauranku kuwa, ƙofar fita ɗaya ce, kuma ni ne a bakinta.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa, ya ba Inna haƙuri, ya raya abin da ya bari, masu ƙafa da masu saiwa. Amin.