Ruwan da Bai Zo Ba

A tashar Haɗeja, motar Auyo ta ƙi cika. Wani dattijo na zaune kan buhu yana ta karkaɗa ƙafa, wata malamar makaranta na tsaye kusa da shi.

"Baba, shinkafa ka kawo kasuwa?"

"Wace shinkafa? Ban shuka ba. Kogi ya cinye min gona bara, ya cinye bara waccan. Direba, mu tafi mana!"

"Amma bana ai ba a yi ambaliya a wajenku ba. Maƙwabtanka ba su girbe ba?"

"Sun girbe. Ruwan da bai zo bana ba, taruwa yake yi sai baɗi."

"Ikon Allah! In ya zo, ka yi gaskiya. In bai zo ba ma, ka yi gaskiya. To yaushe za ka koma gona?"

"'Yata, na san kogin nan tun ba a haife ki ba."

"Buhun nan fa?"

"Taki ne, na mai ɗakina 'Yar'azumi. Taurin kai gare ta, ita ta shuka gonar."

"Ta samu?"

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya leƙa cikin motar.

"Shinkafarta muke ci."