Turaku Arba'in a Zauren Baba

Assalamu alaikum. Ina gaida babban jami'in hukumar kula da namun daji, da shugabannin masunta, makiyaya da manoman rani. Ina gaida Mama, da yayyen maigidana, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo.

Ni ce ƙaramar surukar gidan, wadda marigayi Baba yake kira 'Yar Littafi, don duk sanda ya leƙo tsakar gida sai ya same ni da littafin soyayya a hannu, tukunya tana ƙauri. Wata rana ya ce tunda karatu ya hana ni girki, in zo in riƙa rubuta musu abin da aka tattauna a kwamitin fadama. Shi ya sa Mama ta ce ni zan yi magana.

Ya kasance mutumin da ya zaunar da mu a tabarma ɗaya, a lokacin da masunci ba ya amsa sallamar makiyayi. Ya kasance mai shiga ruwa har ƙugu duk shekara, ya kafa fararen turaku kewaye da tsibirin da tsuntsaye irin su gauraka da dinya suke yin ƙwai. Daga turke zuwa ciki, wata uku cur, ba saniya, ba taru, ba wuta. Na taɓa ce masa ya yi kama da jaruman littattafaina. Ya yi dariya, ya ce su ma suna fama da ciwon baya da ƙaiƙayin ƙafa?

Ya kasance ba ya kafa turke shi kaɗai. Sai masunci ya riƙe, makiyayi ya buga, manomi da jami'i suna kallo. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "In sun kafa da hannunsu, 'yata, gobe ba mai kallon idona ya ce bai san iyaka ba."

Yau sati biyar da rasuwarsa. Ruwa ya ja, ba turke ko ɗaya a fadama. Shekaranjiya an ga sawun shanu a tsibirin, an ga taru, an ga ƙwan gauraka a fashe. Kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya fara. Mun koma inda Baba ya same mu.

Mama, ke kika hana a taɓa turakun da ya shafa wa fenti kafin ya kwanta ciwo, don su ne aikinsa na ƙarshe. Ba wanda ya ga laifinki. Da safen nan, kina kuka, kika ce in faɗa wa jama'a kin yarda a fitar da su.

Suna jingine a zaure, guda arba'in. Ranar Asabar da hantsi yayye za su buɗe ƙofa. Wanda ya zo shi kaɗai ba za a ba shi ko ɗaya ba, sai kun zo tare. In ba ku zo ba, bana ba ƙyanƙyasa a tsibirin, kuma mun binne Baba sau biyu ke nan.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya ba Mama haƙuri. Mu kuma Allah ya ba mu kunyarsa ko ba ya raye, ya haɗa mu a zaurensa ranar Asabar. Amin.